Map na shanye min caji tun kafin la'asar, ina mafita dan Allah?

Dan_Dilibari_KN:

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah masana harkar waya ku taimaka min da shawara dan abin nan ya fara isata wlh. Ni sana'ata kai saƙo ce a babur a cikin Kano, yawanci kayan matan nan masu kasuwanci a onlayin, atamfa da leshi daga Kwari, turaren wuta, humra, wani lokacin har abinci. To kun san yanayin kwatancen mutanenmu, mutum zai ce maka Rijiyar Zaki bayan masallaci layi na uku gida mai baƙin get, kaje ka tarar masallatan sun fi biyar kuma kaf layin baƙin get ne, shi yasa yanzu na daina wahalar da kaina sai ince a turo min lokeshan ta WhatsApp in danna in bi map har ƙofar gida.

Matsalar ita ce caji. Wayata batirinta 5000 ne, Android 12, sim biyu, shekararta ɗaya da rabi a hannuna. In an kawo wuta da daddare ina fita da ita a cike ƙarfe 8 na safe, amma wlh kafin azahar ta dawo 35, kafin la'asar ta mutu murus, alhali ranar da ban fita aiki ba har washegari take kai ni. Ga zafi, in ka taɓa bayanta kamar dutsen guga. Jiya ina Danladi Nasidi da kayan mutane uku a bayana ta ɗauke, sai da na roƙi wani mai shago ya ɗan saka min. Wani abokina yace GPS ne yake zuƙewa in dinga kashe lokeshan, to in na kashe da me zanyi aikin? Akwai wani setin da ake yi ne ko batirin ne ya gaji in je in canja? Nagode.

Sarkin_Zolaya:

Wa alaikassalam. Malam sayi fawa bank ka huta, ko kuma ka koma tambayar masu shayi hanya kamar yadda iyayenmu sukayi, su basa cin caji sai dai ka sayi shayi kofi ɗaya

Injiniya_FarmCentre:

Wa alaikumussalam ɗan uwa. Kar ka yi saurin canja batir tukunna, ni gyaran waya nake kuma irin ƙorafinka kusan kullum sai an kawo min, musamman daga Maris zuwa Mayu. Tambaya ɗaya zan fara yi maka, a ina kake ajiye wayar in kana tuƙi? In dai a kan abin maƙalewar nan na kan babur ne tana kallon rana to rabin amsar kenan.

Abokinka yana da gaskiya amma 'yar kaɗan. GPS na cin wuta, ba musu, sai dai ba shi ne babban ɓarawon ba. Babban ɓarawo sikirin ne. A rana tsaka dole hasken ya tafi ƙarshe kafin ka iya ganin komai, in kuma ka saka shi a otomatik da kansa zai kai kansa ƙarshen, sannan map baya barin sikirin ya mutu muddin kana bin hanya, kaga kenan awa huɗu biyar fitila na kunne a ƙure. Na biyu data, duk inda ka matsa yana sauko da sabon yankin taswira da bayanin cunkoso, kuma kana tafiya wayar na tsalle daga wannan eriyar sabis zuwa waccan, inda sabis yayi rauni kuma sai ta ƙara ƙarfin da take magana da eriyar, ga sim biyu kowanne na nasa neman. Na uku zafi, shi kuma ba cajin yau kaɗai yake ci ba har lafiyar batirin yake ci. Kamfanin Apple ma abinda suka rubuta wa wayoyinsu shine a yi amfani dasu tsakanin digiri 0 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana haura 40 balle ƙarfen kan babur.

Ka yi lissafi da kanka, batir mai 5000 wajen wat 19 ne na awa ɗaya. A ce misali duk waɗannan abubuwan sun haɗu wayar na jan wat 4, kaga ko awa biyar bazata kai ba. To daga 8 zuwa azahar nawa ne? Lissafin ya nuna ba sai batir ya lalace ba.

Abinda zan baka shawara, ka daina barin sikirin a kunne tun daga Kwari har Rijiyar Zaki. Kai ɗan gari ne, ka san hanyar Kabuga ido rufe, map ɗin a lungun ƙarshe kake buƙatarsa. Ka duba inda fin ɗin yake kafin ka tashi, ka kashe sikirin ka jefa a aljihu ko jaka, sai ka shiga unguwar ka fito da ita. In ma wajen baka sanshi ba sam, ka danna fara tafiya ka kashe sikirin, muryar zata cigaba da gaya maka kwana ta iyafis, kunne ɗaya dai dan Allah ka bar ɗayan kaji hon. Sannan in kana amfani da hoton tauraron ɗan adam ɗinnan mai nuna rufin gidaje ka maida shi taswira ta zane, waccan tafi nauyi nesa ba kusa ba.

Amma ka cire kondom ɗin wayar ka ɗora ta a kan tebur ka gani, in tana lilo ko bayanta ya ɗan taso ko sikirin ya fara ɗagowa daga gefe to batirin ya kumbura, wannan kam kar ka ƙara kwana da shi.

Dan_Dilibari_KN:

Injiniya kamar kana ganina wlh, a kan babur take kuma hasken a ƙarshe yake tun safe, kuma eh hoton rufin gidajen nake sawa dan yafi min sauƙin gane layi. Bata kumbura ba na duba yanzu. Amma akwai abu ɗaya, ko lokacin da nake zaune a shago ina jiran kaya wayar na aljihu naga alamar lokeshan ɗinnan bata ɓacewa a sama, kuma cajin na sauka. Shi kuma fa?

Maman_Ilham_Turare:

Hmm bari in tona kaina tunda an zo wajen. Ni ina cikin masu ba irinku kaya, kuma gaskiya duk yaron da zai ɗauki kayana sai nace ya turo min layif lokeshan a WhatsApp, kuma na awa 8 nake cewa ya zaɓa saboda kar in ta kira ina kake ina kake. Zaɓi uku ne a wajen, minti 15, awa 1, awa 8. Ɗana in masu baka kaya irina ne su uku huɗu kowacce ka tura mata na awa 8 baka koma ka tsayar ba ai kaga alamar bazata ɓace ba. Ni ban taɓa kawowa yana ci muku caji haka ba, ku yafe mu. Amma ku ma ku dinga faɗar gaskiya, mutum yana Sabon Gari yana cin abinci yace miki gashi nan a Hotoro

Dan_Dilibari_KN:

Hajiya ai kin gama magana, yanzu na shiga na duba, guda uku ne suke tafiya tun safe, ɗaya ma kayanta na kai tun ƙarfe 10. Zancen Sabon Gari kuma ba dani ba, a tambayi abokan aikina

MaiRubutaManhaja:

Sallama jama'a. Ni aikina rubuta manhajar waya ne kuma na taɓa aiki a kan irin manhajar bibiyar masu kai kaya, bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake daga ciki dan ka san wanne zaka kashe wanne zaka bari, afuwan zan ɗan ja.

Da farko GPS saurare kawai yake, wayarka bata aika komai sama. Taurarin ɗan adam na GPS na can nisan kusan kilomita dubu 20 suna watso saƙon lokaci da matsayinsu, waya na buƙatar ta ji aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take. Kuma yanzu ba GPS ɗin Amurka kaɗai ake ji ba, akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Turai, BeiDou na Chaina, yawancin wayoyin yanzu suna haɗawa. Saƙon yana isowa da rauni sosai shi yasa a cikin rumfunan kasuwa ko ƙarƙashin kwano zaka ga ɗigon shuɗin nan yana yawo, kuma a lokacin ne wayar tafi wahala tana ta lalube bata samu. To abinda yake cin wuta ba jin taurarin kaɗai bane, duk sanda aka samo matsayi sai an tashi ƙwaƙwalwar wayar daga barci ta karɓa, in kuma layif lokeshan ne sai an tashi ɓangaren data an aika. Waya an ginata ne ta dinga yin barci in sikirin ya mutu, abinda ke hanata barcin shine yake kashe batir a aljihu.

Mu masu rubutawa in zamu nemi lokeshan a Android akwai mataki da muke zaɓa. Akwai na daidai-wa-daida wanda yake kunna GPS, akwai matsakaici da yake dogara da wayfay da eriyoyin sabis ya baka kusan mita 100, akwai na ƙasa da zai ce maka kana Kano kawai, akwai ma wanda baya nema sam sai dai in wata manhajar ta nema ya leƙa amsarta. Sannan mu muke cewa duk bayan daƙiƙa nawa. Map in yana nuna maka kwana dole kusan duk daƙiƙa ɗaya kuma da na daidai-wa-daida, wannan ba yadda zakayi dashi. Inda ake zalunci shine manhajar hasashen yanayi ko ta siyayya ko ta lokutan sallah da sunan gari ma ya isheta amma ta nemi na ƙarshen kuma a kowane lokaci. Ni kaina farkon koyo na taɓa saka duk daƙiƙa biyu na manta ban rubuta inda zai tsaya ba, wayar gwajin ko yini bata yi.

To ga abinda zakayi tunda kace Android 12 ce. Shiga Settings, Location, ka nemi inda aka jero manhajoji da izininsu. Duk wadda ka gani a ƙarƙashin Allow all the time ka tambayi kanka me take nema dani ina barci, ka maida ita Allow only while using the app, wannan zaɓin tun Android 10 aka kawo shi a 2019. A 11 aka ƙaro na sau ɗaya tak, a 12 kuma aka ƙaro maɓallin Use precise location, ka barshi a kunne wa map da WhatsApp, sauran ka kashe musu su samu na kintace. Sai ka shiga Google Maps ɗin ka duba Location sharing ko akwai wanda ka taɓa bawa ka manta, dan shi can akwai zaɓin har sai ka kashe da kanka, sannan Timeline mai ajiye tarihin duk inda kaje in baka amfani dashi ka tsayar. Kuma in ka isa ka danna fita daga tafiyar, mutane da yawa gida kawai suke dannawa su saka a aljihu, shi kuwa yana nan yana lissafa hanya.

Abinda bazan baka shawarar kashewa ba shine Google Location Accuracy. Mutane na kashe shi wai tanadi, alhali shi ne yake taimakawa da wayfay da eriya a samu matsayi da wuri, in babu shi GPS ne kaɗai zai ta fama. Haka kashe lokeshan gaba ɗaya da abokinka yace, in ka gyara izinin nan kunnensa kawai baya cin wani abin kirki tunda ba mai nema, kuma ka tuna da masu ƙwacen waya, in lokeshan na kashe Find Hub na Google (wanda a da ake kira Find My Device) bazai nuna maka inda take ba.

Na ƙarshe ka sauke taswirar Kano ta zauna a wayar. A Google Maps taɓa hotonka a sama, Offline maps, ka ja akwatin ya rufe daga Dawanau har Mariri da Panshekara, ka sauke inda akwai wayfay ko da datar dare. Sai dai ka sani in babu data hanyar mota yake bayarwa kuma babu bayanin cunkoso. Ka kuma saka shi a baƙin launi yana rage ci.

Injiniya_FarmCentre:

Malam mai manhaja duk na yarda da bayaninka Allah ya ƙara basira, amma zancen baƙin launi sai an duba irin gilashin. In AMOLED ne eh, dan shi kowane ɗigo da fitilarsa, baƙi na nufin a kashe yake. Amma yawancin wayoyin da ke hannun masu irin aikinsa LCD ne, fitila ɗaya ce a baya tana ci ko fari ko baƙi, ina buɗe su kullum ina gani. Kuma a rana baƙin map baya ganuwa, sai ya ƙara haske, kaga an yi ba a yi ba.

MaiRubutaManhaja:

Gaskiyarka Injiniya, na yi magana da tawa wayar a raina. Na janye wannan, sai dai in tasa AMOLED ce kuma da daddare.

Direban_Damagaram:

Salamu alaikum mutanen Kano, ku yi haƙuri da Hausarmu ta Nijar. Ni mota nake ja tsakanin Damagaram da Agadas ta Tanut da Adarbisanat, mu namu ciwon daban ne, wurare da dama babu rezo (sabis) ko ɗigo, kuma abinda na lura waya tafi shan batiri inda babu rezo ɗin fiye da cikin gari saboda neman da take ta yi ba hutawa. Abinda nake yi in na fita gari sai in sa ta a yanayin jirgi, GPS na aiki sarai tunda kamar yadda malam ya faɗa saurare ne kawai, ba ruwansa da sim. Ina da manhajar taswira ta Organic Maps da na sauke Nijar gaba ɗaya a ciki, wani abokina OsmAnd yake sawa, dukansu taswirar OpenStreetMap ce. Kai dai bazaka iya yanayin jirgi ba tunda ana kiranka, amma sim ɗin da baka aiki dashi ka kashe shi da rana, musamman wanda ka san sabis ɗinsa na wahala a unguwannin bayan gari.

Sai maganar sharja, wanda yace ka sayi fawa bank da wasa yake amma akwai gaskiya ciki, kawai ka lura da abu biyu. Mai 10000 ba zai cika maka waya mai 5000 sau biyu ba, wani kaso na tafiya wajen juya wutar da zafi, ka sa ran sau ɗaya da 'yan kai. Kuma kar ka jona ta tana cikin rana map na kunne, zafi kan zafi kenan, wayar da kanta zata rage jan cajin ko ta tsayar, ka ga an jona amma lamba bata motsi. Ni a mota na ɗaure tawa gaban iskar esi, da can kan dashbod nake ajewa har batiri ɗaya ya kumbure min. Ka jona lokacin da ka tsaya sallah ko cin abinci a inuwa, ka cire mata riga ta sha iska. Irin cajar nan ta arha mai amfiya 1 kuma wat 5 ce kawai, map da haske a ƙure na iya cinye kusan duk abinda take bayarwa.

Ummu_Sudais:

Ni tambaya ce dani a kan wannan, in na kunna batiri seba ɗin wayar ba shikenan ba? Naga yana cewa zai ƙara awa kaza

MaiRubutaManhaja:

Yana taimakawa Hajiya, yana rage haske da aikin bayan fage, amma a wasu wayoyin yana tsayar da lokeshan da zarar sikirin ya mutu, to mai bin murya a aljihu sai yaji shiru ya wuce kwana, ko mai kaya taga ɗan saƙonta ya daskare a Kofar Nassarawa minti ashirin ta fara kira. In za a kunna a shiga setin batir a cire map daga cikin waɗanda ake takurawa. Irin manhajojin nan kuma masu cewa suna sanyaya waya ko ƙara mata gudu a rabu dasu, rufe abubuwa suke su kuma su sake buɗe kansu, ga talla.

Dan_Dilibari_KN:

Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana uku. Na samu manhaja bakwai a Allow all the time, harda wata ta tocila da ban ma san yaushe na sauke ba, na goge ta. Layif lokeshan yanzu na awa 1 nake turawa kuma ina miƙa kaya nake tsayarwa, Hajiya ɗaya tayi ƙorafi nace mata in ya ƙare ta yi min magana in sake turowa. Na sauke taswirar, na koma ta zane, wayar kuma tana cikin jakar gaba sai na shiga unguwa nake fito da ita. Shekaranjiya na dawo gida bayan isha'i da 28, jiya da 19 dan na je har Janguza da Gezawa kuma na ɓata a wani sabon layi da babu shi a map ɗin sam, dole na koma hoton rufin gidaje na kusan rabin awa. Zafin ma ya ragu sosai. Muryar ce dai har yanzu bamu saba ba, yadda take kiran sunan titunanmu sai na yi tunani kafin in gane inda take nufi.

Injiniya in Allah ya kaimu Asabar zan shigo Farm Centre neman fawa bank ɗin duk da haka saboda ranakun da ba a kawo wuta ba, wanne layi kake in biyo ka rakani kar a haɗani da mai yashi a ciki?

Injiniya_FarmCentre:

Turo min saƙo ta inbos in baka kwatance. Lokeshan zan turo maka, na minti 15